Ƙaramar mesa ta farko: ta daji zaka saya, ko ta gona, ko wadda aka ƙyanƙyashe a ɗaki?

Tun ranar da mutane suka ga hotona da macijiya a naɗe a hannu saƙo bai daina shigo min ba. Rabi duk a'uziyya ce, kuma ban ga laifin kowa ba, mu da muka tashi inda kububuwa ke kwantar da manomi a gonarsa ai ba'a mana wasa da maciji. Amma akwai wasu 'yan kaɗan, yawanci 'yan'uwa mazauna nan Ingila da Amurka, da suke tambaya da gaske, ina ake samu, wacce ake saya, ta yaya mutum zai gane lafiyayya. To su nake ma wannan bayanin. Maganar hukuncin ajiye ta ko cinikinta a addini kuwa ba fannina bane, ka samu malaminka ka tambaya kafin ka fitar da ko sisi, haka ma mutanen gidanka, dan ba'a kawo maciji gida a ɓoye.

Wadda nake magana a kai ita ce Amurkawa ke kira ball python, a Ingila kuma royal python, sunanta na kimiyya Python regius. Tamu ce ta Afirka ta Yamma, tana nan a Ghana da Togo da Benin da Najeriya har zuwa Kamaru da gabas, tana kwana a ramin ɓera ko tsohon suri ta fito da dare. Bata da dafi ko kaɗan. In taji tsoro maimakon ta kai sara sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya, daga nan sunan ya samo asali. Tsawonta yawanci mita 1 zuwa 1.5, mace ta fi namiji kauri da tsawo. Abinda mutane basa lissafawa shine shekaru, tana kai 20 zuwa 30 a hannun mai kula, a gidan zoo na St. Louis a Amurka ma akwai wadda ta saka ƙwai a 2020 tana da shekara kusan 62. Kaga kenan wadda zaka saya yau tana iya ganin auren ɗanka da ba'a haifa ba tukuna.

Kafin launi, kafin farashi, kafin komai, tambayar farko ita ce daga ina ta fito. Iri uku ne a kasuwa, kuma a cikin akwatin gilashi duk kamarsu ɗaya.

Ta farko wadda aka kamo a daji tana babba. Ita ce mafi araha kusan kullum, kuma ita ce nake roƙonka ka bari. Wannan dabba tayi shekaru tana farautar irin ɓerayen da ta sani, rana ɗaya aka tono ta daga rami aka jefa a buhu, ta wuce hannu huɗu ko biyar babu ruwan kirki, kafin ta iso gabanka ta bushe, ga kaska maƙale a tsakanin ɓawon fatarta, ga tsutsar ciki, wani lokaci da tabon fartanya ko na cizon ɓera a baya. Babbar matsalarta abinci. Zaka miƙa mata farin ɓera na firiza ta kalle shi kamar dutse, wata uku, wata shida, wata ma har ta mutu bata taɓa ba. Ƙwararru masu shekaru a harkar suna shan wuya da irinsu balle kai da ko sikelin awo baka saya ba tukuna. Sannan akwai abinda ya shafe ka kai kanka, mesar daji ta yankinmu tana iya ɗauke da wata tsutsa a huhunta mai suna Armillifer wadda ƙwanta ke iya shiga jikin mutum. Araha bata ado, a nan kam har asibiti tana kai mutum.

Ta biyu ita ce ta gona, kuma a nan sababbi suka fi faɗawa, nima a nan na faɗa. Yadda abin yake, mafarauta a Togo da Benin da Ghana suna bin ramuka lokacin rani su kwaso ƙwai ko uwa mai ciki, a kai gonakin da ke kusa da Lome da Kwatano da Accra, a ƙyanƙyashe a can, sai a loda jariran dubbai a jirgi zuwa Amurka da Turai da Asiya, da takardun CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji, tunda tana cikin jeri na 2 na wannan yarjejeniyar, wato an yarda ayi cinikinta amma da izini da ƙayyadadden adadi. Mai shago zai ce maka ai a hannun mutane aka ƙyanƙyashe ta, kuma ba ƙarya yayi ba, sai dai bai faɗa maka uwarta ta daji bace, bai faɗa maka an tara su ɗari a wuri ɗaya ba, kuma sau da yawa shi kansa bai sani ba ko ta taɓa cin abinci tunda ta fito daga ƙwai. Wasu suna tashi lafiya ƙalau, ban musa ba. Amma caca ce. Kuma hukumar IUCN mai bin diddigin halittun da ke fuskantar ɓacewa a duniya ta riga ta saka wannan mesar a cikin dabbobin da suka kusa shiga haɗari saboda yawan kwasa, wannan ma abin dubawa ne ga wanda ya san ƙasarsa ake kwasowa.

Tawa ta farko irin wannan ce. A wani shagon dabbobi na ganta, 'yar ƙarama kamar kaurin babban yatsana biyu, farashin ya min daɗi, yaron shagon yace tana ci sosai, ban nemi ya nuna min komai ba na biya. Kwana uku da kawo ta sai na lura kullum tana jiƙe a cikin kwanon ruwa bata fita. Na ɗaga kwanon na duba ƙasansa, wasu baƙaƙen ɗigo kamar an barbaɗa garin barkono, na shafa ta da farin tishu mai laima sai ga su suna tafiya a kai, ƙwarkwatar maciji kenan, masu shan jini, har a gefen idonta da ƙarƙashin haɓa. Sai da nayi sama da wata ɗaya ina wanke keji ina canza takarda ina bin maganin da likitan dabbobi ya rubuta, ita kuma bata karɓi ɓera ba sai da ta kusa wata huɗu, ina auna ta duk sati ina ganin nauyin na sauka gram gram, wallahi har barci ya dinga gagarata. Ta rayu, tana nan har yau, amma kuɗin likita kaɗai ya ninka kuɗin sayenta sau da yawa, kuma wahalar da ta sha bata cancance ta ba.

Ta uku ita ce wadda uwa da uba duk a hannun mai kiwo suke, a ɗakinsa aka saka ƙwan, a ɗakinsa aka ƙyanƙyashe bayan kwana 55 zuwa 60. Ita nake so ka saya. Bata san daji ba, bata san kaska ba, tun cinta na farko ɓeran kiwo ta sani, hannun mutum ba baƙonta bane. Macijiyata ta biyu na saye ta ne wajen wata dattijuwa mai kiwo a ɗakin bayan gidanta, ko da na shiga abinda ya fara burge ni babu wari, kowace roba da kati a manne, ranar ƙyanƙyasa, ranar saɓar farko, duk ranar da taci da nauyin ɓeran, ranar da ta ƙi ci ma an rubuta. Ta ciro min uwar na gani, ta nuna min uban, sannan ita ta koma yi min tambayoyi, girman kejina nawa, da me nake ɗumama shi, ina da tamostat, wato na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai. Sai da ta ga hoton kejin a wayata sannan ta yarda ta sayar min. Duk mai sayarwar da ya tsare ka da tambaya haka, riƙe shi da kyau.

To a ina ake samun irin wannan. Manyan shagunan dabbobi suna da sauƙi, ka shiga ka gani ka ɗauka, amma ma'aikacin da ke sayar da kifi da abincin kare shine mai kula da macizan, galibi bai san asalinsu ba, kuma in ka ga an haɗa uku ko huɗu a keji ɗaya to ka juya kawai, wannan mesar ba mai son zaman taro bace, in ɗaya na da ciwo duk sun samu. Ƙaramin shago na masu rarrafe zalla ya fi, musamman in su suke kiwon da kansu, a Ingila ma tun 2018 duk mai sana'ar sayar da dabbar gida sai da lasisin ƙaramar hukuma, kana da damar cewa a nuna maka. Akwai kuma manyan kasuwannin baje koli irin na Hamm a Jamus ko na Tinley Park kusa da Chicago, a nan zaka ga ɗaruruwa a rana ɗaya ka kwatanta farashi ka yi magana da mai kiwon ido da ido, illarsa hayaniya da gaggawa, ga hannaye da yawa suna taɓa wannan su taɓa waccan, ƙwarkwata na samun hanya, kuma idonka zai rufe da launuka ka manta abinda ya kawo ka. A intanet kuwa, irin su shafin cinikin masu rarrafe na MorphMarket, zaka iya karanta abinda masu saye na baya suka ce game da mutum, wannan yana taimakawa, amma in ba'a yi hankali ba cinikin biri a sama ne. Kar ka yarda da hoto kaɗai, ka nemi bidiyo na ranar, a ɗora ta a hannu tana motsi, a ɗora ta a sikeli kana ganin lamba, in zai yiwu har bidiyon tana kama ɓera, kuma ku yi magana a rubuce me zai faru in ta iso a mace ko da ciwo.

Akwai hanya ta biyar da mutane ke rainawa, karɓar wadda wani ya gaji da ita. Ƙungiyoyin kare dabbobi irin RSPCA a nan Ingila suna da su da yawa suna neman gida, saboda ɗalibi ya saya ya gama karatu, ko an haihu a gidan uwargida tace sam. In daga ƙungiya ce wadda likita ya duba, ina ganin zaɓi ne mai kyau sosai, ka samu babba wadda an san halinta kuma ka rage ma wata dabba wahala. In kuma daga wani ne kawai da ya tallata yana cewa a zo a ɗauka da kejinta yau yau, to ka buɗe ido, sau da yawa ciwon da ya kasa biya ma magani yake miƙa maka.

Sai maganar shekaru. Jaririya tana da ban sha'awa, gram 60 zuwa 80 take fitowa daga ƙwai, zaka ga girmanta a gabanka, ta saba da kai tun farko. Amma bata da ajiyar kitse, in ta ƙi ci sati uku huɗu abin ya fara zama damuwa, kuma ta fi saurin firgita. In dole jaririya kake so kar ka karɓi wadda bata ci aƙalla sau 5 a jere da kanta ba, ba ɗura ba, ka tambaya da bakinka ko ana tura mata ne. Babba kuma ta riga ta ginu, sai dai tana zuwa da halayenta, in an saba mata da ɓera mai rai canza ta aiki ne, kuma manya musamman maza suna iya yin yajin cin abinci na watanni lokacin sanyi ba tare da ciwon komai ba, wanda bai sani ba hankalinsa zai tashi. Ni a ganina tsakiyar ta fi, mai wata 6 zuwa shekara ɗaya, ta wuce lokacin haɗari, tarihin cinta ya yi tsawo, kuma har yanzu ƙarama ce. Namiji ko mace kam kar ka ɓata lokaci a kai, halinsu ɗaya, mace dai ta fi girma kuma ta ɗan fi tsada saboda masu son kiwo.

Launi kuma, nan ne kuɗi ke tafiya kuma nan ne wasu ke cutar dabba suna sane. Asalin kalarta baƙi-baƙi da ruwan ƙasa mai ɗaukar ido kamar zinare, ita ake kira normal kuma ita ce mafi araha. A 1992 wani Ba'amurke Bob Clark ya fara samar da zabiya a kiwo, a 1997 Peter Kahl ya tabbatar da mai farin dabbare-dabbare da ake kira piebald, daga nan kasuwa ta buɗe, yanzu haɗe-haɗen launi sun kai dubbai. Mafi yawansu lafiyarsu lau, pastel, mojave, zabiya, piebald, clown, duk babu matsala sananniya, in kuɗinka ya kai ka saya abinka. Amma akwai waɗanda kyawun yake tafe da lalura a jini. Mafi shahara spider, mai siririn zane kamar saƙar gizo, tana da larurar karkarwar kai, zaka ga kan yana kaɗawa, wata tana murɗa wuya tana kallon sama, wata ta kai ma ɓera cafka ta kuskure, in ka kifar da ita ta daɗe bata miƙe ba. A wata kaɗan ne a wata da yawa, kuma baka isa ka sani tun tana ƙarama yadda zata kasance ba. Ƙungiyar masu kiwon masu rarrafe ta IHS a Ingila ta hana sayar da ita a bajekolinta tun 2018. Abin lura, sunan spider yana ɓuya a cikin wasu sunaye, bumblebee misali haɗin pastel da spider ne, dan haka ka tambaya kai tsaye ko akwai jinin spider a ciki. Champagne da woma suma ana samun wannan karkarwar, super cinnamon da super black pastel kuma ana samun masu lanƙwasasshen ƙashin baya ko baki mai faɗi. Ni ban ga dalilin da zai sa mai farawa ya ɗauko wannan nauyin ba, kuɗin da zaka ƙara ma launi ka zuba shi a keji.

Yanzu ga ta a gabanka, me zaka duba. Ka wanke hannu ka ce a baka ita ka riƙe, wanda ya hana ka taɓawa ba tare da dalili ba kamar yanzu taci ko tana saɓa, a bar masa kayarsa. Lafiyayya tana da nauyi a hannu, zaka ji ƙarfi kamar damtse in ta naɗe yatsunka, ba laɓo-laɓo kamar jiƙaƙƙen tsumma ba. Da farko zata iya dunƙulewa, wannan halinta ne, ka yi shiru minti biyu uku zaka ga kan ya leƙo, harshe yana fita yana shiga akai akai, wannan harshen alama ce mai kyau. Ka kalli jikinta ta gaba, ya zama kamar burodi mai ɗan tudu, in ƙashin baya ya fito kamar tsinin rufin kwano fata kuma ta yi tamoji a gefe, yunwa ce da ƙishirwa. Ka bi bayanta da yatsa a hankali daga wuya har wutsiya, kar kaji ƙulli ko karkacewa. Ka juya cikinta, fari ne sumul, in ka ga ja-ja ko ruwan ƙasa kamar tsatsa ko ƙuraje to ruɓewar fata ce daga kwana a jiƙaƙƙen wuri, ko ƙunar hita. Duburarta ta zama a rufe tsaf babu busasshen kashi babu kumburi.

Kan shi yafi komai, ka daɗe a wurin. Ka kawo ta kusa da kunnenka ka saurara. Numfashinta bai kamata a ji shi ba, in kaji fito ko ƙas-ƙas ko kamar ana hura ruwa da tsinke, ko ka ga kumfa ko yawu mai yauƙi a baki, ko tana ɗaga kai sama baki a buɗe, ciwon huhu ne, ka ajiye ta ka wanke hannu kuma kar ka sayi ko maƙwabciyarta. Wani lokaci sanyi ne kawai ya kama ta, amma akwai wata ƙwayar cuta da ake kira nidovirus wadda aka gano a jikin irin wannan mesar a 2014, tana yaɗuwa tsakaninsu kuma bata da magani, masu kiwo na kirki suna gwajinta da auduga a baki kuma basa jin haushi in ka tambaya. Leɓenta ya haɗu daidai, babu kumburi babu wani abu kamar cuku a dasashi. Ƙananan ramukan da ke jere a leɓen sama halitta ce, da su take jin ɗumin ɓera a duhu, amma ka leƙa cikinsu dan ƙwarkwata na son wurin. Ido ya zama garau yana sheƙi. In ka ga ya yi shuɗi-shuɗi kamar hazo kuma duk jikin ya dushe, ba makanta bace, saɓa zata yi, ka dawo bayan kwana 10 ka ganta sabuwa, kuma ka ce a ajiye maka saɓar, in ta fito guda ɗaya kamar safa to ana kula da ita yadda ya kamata, in gutsi-gutsi ce da sauran a maƙale a ido da ƙarshen wutsiya to wurin ya bushe da yawa. Ƙarshe ka duba tafin hannunka bayan ka mayar da ita, ko akwai baƙin ɗigo mai tafiya.

Tambaya ɗaya da bana so ka manta, me take ci, ɓera mai rai ko na firiza da aka narkar aka ɗumama. Ka zaɓi mai cin na firiza. A Ingila ma kusan kowa haka yake bayarwa. Ɓera mai rai in aka bar shi da macijiyar da bata jin yunwa shi zai koma cin ta, na taɓa ganin wadda aka gaigaye ma baya har nama, ita kuma tana dunƙule bata kare kanta ba. Kuma ka tambayi kanka kai, zaka iya ajiye ledar ɓeraye a firiza shekara 25, mutanen gida sun yarda, ko sai ka sayi ƙaramar firiza daban. Macizan nan suna iya ɗauke da salmonella, ƙwayar cuta mai sa gudawa da zazzaɓi, kamar sauran masu rarrafe, dan haka wanke hannu da sabulu dole ne, kuma gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5 ko mai ciki gara a dakata. Dokar garinku ma ka bincika, a birnin New York an hana ajiye mesa kowace iri, a Hawaii maciji gaba ɗaya.

Ga 'yan'uwa da ke gida kuma, ko a Kumasi ko Kano ko Yamai, lissafin ya ɗan juya, dan a can kusan duk wadda za'a kawo maka ta daji ce, daga hannun mafarauci ko gardi ko kasuwar masu magani, mai kiwo da kati irin wanda na faɗa samunsa sai an tona. Abu biyu nake tsoro. Na ɗaya a sayar maka da 'yar babbar mesa a ce ƙarama ce, tana jaririya mai ido bai saba ba zai ruɗe, ita kuwa tana wuce mita 4 kuma bata da haƙurin wannan, bata dunƙulewa, cizo take kaiwa. Kar kuma wani ya ce zai je ya kamo da kansa, kasa ma, macijiyar nan mai mugun dafi, gajeriya ce mai kauri mai zane, kuskure ɗaya ya isa, asibitin Kaltungo a Gombe cike yake da waɗanda maciji ya sara. Na biyu abinci. Wallahi kar ka kama ɓeran gida ko na rumbu ka bata, wataƙila yaci guba, sannan ɓeran nan mai nonuwa da yawa da take ci a daji shine mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, kai da iyalinka zaka jefa a haɗari. Sai dai ka samu masu kiwon farin ɓera ko ka kiwata da kanka, ga kuma maganar wuta in firiza zaka dogara da ita. Yanayi ma ba kyauta bane dan ana cewa 'yar ƙasa ce, a daji tana cikin rami mai sanyi da laima, ɗakin kwano a watan Afrilu da zafi ya haura 40 zai iya kashe ta a yini ɗaya, hunturu kuma ya busar da ita saɓa ta gagara. Ka kuma san a kudancin Benin, a Ouidah, ɗaki guda aka gina mata ana girmama ta, a yankin Idemili na Anambra ma ba'a taɓa mesa, in kana zaune a irin wuraren nan ka san inda kake. In baka samu wadda aka haifa a hannu ba kuma babu likitan dabbobi da ya san maciji kusa da kai, shawarata ka haƙura tukuna.

In ka gama zaɓa, keji ya riga ta isowa da sati guda yana aiki. Gefe ɗaya ɗumi 31 zuwa 32 a ma'aunin Celsius, ɗaya gefen 24 zuwa 27, laima kashi 60 zuwa sama, maɓoya biyu masu matse jiki ɗaya a kowane gefe, kwanon ruwa mai nauyi da bazata kifar ba, murfi mai kulle dan sun iya tura ƙofa. Babba tana buƙatar mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, kuma duk abin ɗumi sai da tamostat, dan bata janye jiki da wuri in tana ƙonewa. Watannin farko ka shimfiɗa mata farar takarda maimakon ɓawon kwakwa dan ka ga ƙwarkwata da kalar kashinta, in kana da wata macijiyar a gida ka killace sabuwar a wani ɗaki daban kwana 90, kayan aikinsu ma kar su haɗu. A jakar yadi mai ɗaure zaka ɗauko ta cikin roba, ka auna ta ka rubuta, ka saka ta a bakin maɓoya ka rufe. Sati ɗaya cur ba taɓawa ba kiran abokai su zo kallo, ruwa kawai zaka canza. Ran na bakwai da dare ka ɗumama ɓera irin wanda ta saba, kaurinsa kamar inda ta fi kauri a jiki, ka riƙe shi da dogon hantsaki a bakin maɓoyar ka ɗan kaɗa. In ta cafke ka kashe fitila ka fita, sai bayan kwana biyu sannan hannunka ya taɓa ta. In bata karɓa ba ka duba ma'aunin zafi, ka jira wani satin, ka kira wanda ya sayar maka.